Tambayoyi da Amsoshi kan Bangaskiya da Zaman Ikkilisiya, daga Bakin Makiyayi

Yawancin tambayoyin da ke ƙasa ba a cikin ɗakin nazarin Littafi Mai Tsarki ake yin su ba. Sai an tashi daga sujada, jama'a ta watse, sannan wani ya tsaya a baya yana jinkiri, ya ce yana da 'yar magana. Na tattara waɗanda suka fi maimaituwa, na amsa su gwargwadon abin da na fahimta daga Nassi da tarihin ikkilisiya da kuma shekarun da na yi ina sauraron mutane.

Tun da zan iya yin addu'a da karatun Littafi Mai Tsarki a ɗakina, me zai sa in wajabta wa kaina zuwa sujada?

Addu'ar ɗaki tana da matsayinta, domin Yesu da kansa ya umarce ta a Matiyu sura 6, amma ba a taɓa nufin ta maye gurbin taruwa ba. Kalmar ikkilisiya ta samo asali ne daga Helenanci, ma'anarta kuwa taron jama'ar da aka kira, don haka mutane take nufi tun kafin a san da gini. Masu bi na farko a gidaje suke haɗuwa, kamar yadda Bulus ya gai da ikkilisiyar da ke taruwa a gidan Bilkisu da Akila a Romawa sura 16, kuma ɗaya daga cikin tsofaffin wuraren sujadar da masu binciken kufai suka tono, a Dura-Yuropos ta ƙasar Siriya, gidan zama ne da aka gyara shi ya zama wurin taro wajen shekara ta 240.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne umarnai da dama na Sabon Alkawari ba sa yiwuwa ga mutumin da ke zaune shi kaɗai. An ce mu ɗauki nauyin juna, mu gafarta wa juna, mu yi haƙuri da juna, mu gargaɗi juna, to da wa mutum zai yi haƙuri idan babu mai gwada haƙurinsa? Marubucin Ibraniyawa, a sura 10, ya haɗa gargaɗin kada a daina taruwa da zancen tsokano juna ga ƙauna da aikin nagarta. Sauraron wa'azi ta rediyo ko ta intanet alheri ne ga marar lafiya da tsoho da wanda hanya ta tsare, sai dai mai wa'azin da ke cikin waya bai san sunanka ba, ba zai kuma lura ba ranar da ka ɓace.

Shakka zunubi ce? Wani lokaci ina zaune a cikin sujada zuciyata tana tambayar ko duk wannan gaskiya ne.

Akwai bambanci tsakanin mai shakkar da ke neman amsa da wanda ya riga ya yanke shawarar ƙi yana neman hujja. Na farkon yana da abokan tafiya masu daraja. Yahaya Maibaftisma, wanda ya nuna Yesu a bakin Kogin Urdun ya kira shi Ɗan Ragon Allah, shi ne kuma daga cikin kurkuku ya aiki almajiransa su tambaya ko Yesu ne mai zuwan ko su sa ido ga wani. Yesu bai tsauta masa ba. Ya aika masa da labarin makafin da ke gani da guragun da ke tafiya, sannan ya juya ya yabe shi a gaban taro. Uban yaron nan na Markus sura 9 ya furta bangaskiyarsa da ƙarancinta a numfashi ɗaya, aka kuma warkar masa da ɗansa.

A labarin Toma, almajirin Yesu, akwai wani abu da ba a cika lura da shi ba. Ya ƙi yarda da shaidar 'yan'uwansa cewa Yesu ya tashi daga matattu, amma bayan kwana takwas yana nan tare da su a ɗaki ɗaya. Bai janye jikinsa ba, su ma ba su kore shi ba, a cikin wannan zama ne kuma ya sami amsarsa. Shawarata ga mai shakka ita ce ya sami wani balagaggen mai bi ya faɗa masa ainihin abin da ke damunsa, domin shakkar da aka ɓoye takan yi girma a cikin duhu fiye da yadda take. Ga ikkilisiya kuwa, wasiƙar Yahuza aya 22 ta ce a ji tausayin masu shakka. Matashin da aka kunyata saboda ya yi tambaya ba ya daina tambayar, sai dai ya kai ta wani wuri.

Na daɗe ina roƙon abu ɗaya amma shiru. Bangaskiyata ce ta gaza?

Ba na son amsa wannan da gaggawa, domin mai tambayar yawanci yana ɗauke da ciwon da ya daɗe: rashin haihuwa, ko ɗan da ya bijire, ko cutar da ta ƙi tafiya. Abin da zan iya faɗa da tabbaci shi ne rashin samun abin da aka roƙa ba ma'aunin bangaskiya ba ne. Bulus ya roƙi Ubangiji sau uku a cire masa abin da ya kira ƙaya a jikinsa, aka amsa masa cewa alherin Allah ya ishe shi, ƙayar kuwa ta zauna. A Getsamani Yesu ya yi addu'a sau uku ƙoƙon wahala ya wuce shi, bai wuce ba. Babu mai hankalin da zai ce waɗannan biyu ba su da bangaskiya.

Littafin Zabura, mai waƙoƙi 150, cike yake da koke-koke. Zabura 13 ta tambayi Allah har yaushe sau huɗu a ayoyinta biyu na farko, Zabura 88 kuwa ta ƙare ne cikin duhu ba tare da wata kalmar samun sauƙi ba, kuma an bar ta haka a cikin littafin sujadar jama'ar Allah. Ina ganin wannan izini ne ga mai bi ya kai kukansa yadda yake, ba sai ya yi masa kwalliya ba. Abin da nake tsoro shi ne koyarwar da ke mai da addu'a tamkar ciniki, wai in ka yi azumi kwana kaza ko ka faɗi kalmomi kaza dole a biya ka. Wanda aka koya wa haka, ranar da amsa ba ta zo ba, sai ya ɗora laifin a kan kansa ko ya ce Allah ya ci amanarsa.

Cuta da masifa hukunci ne kan wani zunubi? Kuma zuwa asibiti ya saɓa wa dogara ga Allah?

Almajirai sun yi wa Yesu wannan tambaya a Yahaya sura 9, game da mutumin da aka haifa makaho, ko shi ne ya yi zunubi ko iyayensa. Ya ce ba ɗaya daga cikinsu. A Luka sura 13 ya kawo zancen mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗo a kansu, ya ce ba su fi sauran mazauna Urushalima laifi ba. Gaskiya ne wasu ayyuka suna jawo sakamakonsu a fili, kamar yadda mashayi ke girbar abin da ya shuka a jikinsa, amma ba a ba mu ikon duban masifar wani mu karanta zunubinsa a cikinta ba. Abokan Ayuba sun yi hakan da hujjoji masu daɗin ji, a ƙarshen littafin kuwa Allah ya ce wa Elifaz, ɗaya daga cikinsu, fushinsa ya yi ƙuna a kansa da abokansa biyu.

Game da magani, Bulus ya kira Luka ƙaunataccen likita a Kolosiyawa sura 4, ya ba Timoti shawara kan ciwon cikinsa, ya kuma ambaci cewa ya bar Tarofimas a Militas ba shi da lafiya. Yakubu sura 5 ta ce marar lafiya ya kira dattawan ikkilisiya su yi masa addu'a, ba ta kuwa ce ya kori likita ba. Duk wanda ya ce wa mai ciwon suga ko hawan jini ya zubar da maganinsa don ya tabbatar da bangaskiyarsa, yana wasa ne da ran da ba nasa ba. Haka ma ciwon damuwa. Sa'ad da Iliya ya gudu jeji yana roƙon mutuwa, abin da aka fara ba shi barci ne da abinci, sau biyu, kafin a yi masa wata magana mai nauyi.

Wani a cikin ikkilisiya ya ɓata mini rai ƙwarai, har ba na son ganinsa. Me zan yi?

Wannan ce tambayar da ta fi kowace zuwa, kuma ita ce ke raba mutane da ikkilisiya fiye da duk wata gardamar tauhidi. Da farko, kada ka yi mamaki. Zo mu zauna, zo mu saɓa ne. Ikkilisiyar Urushalima tana jaririya aka fara gunaguni a cikinta, cewa ana ƙyale gwaurayen masu jin Helenanci wajen rabon yau da kullum, kamar yadda Ayyukan Manzanni sura 6 ta nuna. Manzannin ba su ce wa masu kukan su yi shiru don zaman lafiya ba; sun sa a zaɓi mutum bakwai su kula da al'amarin, kuma dukan bakwai ɗin sunayen Helenanci gare su, abin da ke nuna cewa an ba ɓangaren da ya koka amana. Bulus da Barnaba sun yi saɓani mai tsanani kan Markus har suka rabu, amma a wasiƙarsa ta biyu ga Timoti Bulus ɗin nan ne ya ce a zo masa da Markus domin yana da amfani a gare shi. A Filibi mata biyu masu hidima, Afodiya da Sintiki, sai da aka ambaci sunayensu a wasiƙar da za a karanta a gaban taro ana roƙonsu su shirya.

Hanyar da Yesu ya shimfiɗa tana Matiyu 18:15-17. Ka je wurin ɗan'uwan kai da shi kaɗai. In bai ji ba, ka ɗauki mutum ɗaya ko biyu. In ya ƙi, sai a kai maganar gaban ikkilisiya. Mu kuwa mun saba juya tsarin: muna fara gaya wa kowa ban da mai laifin, wani lokaci ma da sunan neman a taya mu addu'a, sai maganar ta zaga ta kai kunnensa ta bakin mutum na biyar, ta riga ta canja kama. Hikimar matakin farko ita ce yana kare mutuncin wanda ya yi kuskuren, yana kuma ba shi damar tuba ba tare da an tozarta shi ba. Sau da dama na ga wanda ya yi shekara yana riƙe da wani a zuciya, da suka zauna sai ya tarar ɗayan bai ma san ya yi wani abu ba.

Akwai togiya guda da ba zan tsallake ba. Idan abin da ya faru duka ne, ko cin zarafin yaro, ko fyaɗe, ko barazana ga rai, ba a tura wanda aka zalunta ya je ya sami azzalumin shi kaɗai. Irin wannan laifi ne da ya shafi hukuma, kuma Romawa sura 13 ta ce hukuma ma'aikaciyar Allah ce wajen hukunta mai mugunta. Ikkilisiyar da ta rufe irin wannan don kare sunanta ta zaɓi sunan a kan tunkiyar da aka damƙa mata.

Gafartawa tana nufin in manta, in koma kamar ba abin da ya faru?

A'a. Gafara ita ce ka yafe bashin, ka daina neman ramuwa, ka bar shari'ar a hannun Allah. Da Bitrus ya tambaya ko sau bakwai ya isa, Yesu ya ba shi adadin da ba mai iya riƙe lissafinsa, ya bi da misalin bawan da aka yafe wa talanti 10,000 amma ya shaƙe abokinsa kan dinari 100. Dinari ɗaya ladan aikin yini ne, talanti ɗaya kuwa wajen dinari 6,000 ne, don haka tazarar da ke tsakanin basussukan biyu ita ce dukan darasin. Amana kuwa wani abu ne dabam, domin gini ce da ake sake ɗorawa a hankali bisa ga abin da aka gani. Ma'ajin da ya ci kuɗin ikkilisiya ya tuba, a gafarta masa, a zauna da shi a teburin Ubangiji, wato Jibin da ake ci don tunawa da mutuwar Yesu, amma ba dole ba ne a mayar masa da mabuɗin akwati a makon. Kuma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma ya razana, kada a ce masa bai yafe ba. Sau da yawa mutum yakan yanke shawarar yafewa yau, zuciya kuwa ta ɗauki watanni kafin ta biyo baya.

Faston da ya yi mini baftisma ya faɗi cikin babban zunubi. Baftismata tana nan? Kuma an halatta a tuhumi shugaba?

Ikkilisiya ta taɓa fama da wannan tambaya har ta tsage a kanta. Bayan tsanantawar da Sarkin Roma Diyokletiyan ya fara a shekara ta 303, an sami shugabannin da suka miƙa littattafai masu tsarki ga hukuma don su tsira da ransu. Da ƙura ta lafa, wani ɓangare a Arewacin Afirka, waɗanda aka sani da mabiya Donatus, suka ce duk baftisma da naɗin da irin waɗannan suka yi banza ne. Agustin, bishop na Hippo, garin da yanzu ake kira Annaba a Aljeriya, ya amsa cewa Almasihu ne mai yin baftisma, ma'aikaci kuwa hannu ne kawai, kuma wannan ra'ayi ne ya rinjaya a taron Kartaj na shekara ta 411. Bulus ya riga ya nuna hanya a 1 Korantiyawa sura 1, inda ya tambayi masu rarrabuwa ko da sunan Bulus aka yi musu baftisma. Saboda haka baftismarka tana tsaye a kan sunan da aka yi ta da shi.

Batun tuhuma kuwa, 1 Timoti 5:19-20 ta kafa shinge biyu. Kada a karɓi ƙara a kan dattijo sai da shaidu biyu ko uku, wannan yana kare shi daga tsegumi. Wanda kuwa ya nace da zunubi a tsauta masa a gaban kowa, wannan yana kare garke. Ana yawan jawo ayar da ta ce kada a taɓa shafaffun Allah don a toshe bakin jama'a, alhali annabi Natan ya tsaya gaban Dawuda, shafaffen sarki, ya ce masa shi ne mai laifin, Bulus kuma ya tsauta wa Bitrus ido da ido a Antakiya. Ina faɗin wannan ne a matsayin wanda shi ma yake tsayawa kan bagade: makiyayin da babu mai iya tambayarsa yana cikin hatsari fiye da kowa a garken.

Dole ne in ba da ɗaya bisa goma? Ana ce mana wanda bai bayar ba yana ƙarƙashin la'ana.

Masu bi na gaskiya sun bambanta kan ko ɗaya bisa goma doka ce ga Kirista ko kuwa ma'auni ne mai kyau da aka gada daga Tsohon Alkawari. Malakai sura 3 an yi ta ne ga Isra'ila game da ɗakin ajiyar Haikali da abincin Lawiyawa masu hidima a cikinsa. Koyarwa mafi tsawo kan bayarwa a Sabon Alkawari tana 2 Korantiyawa sura 8 da 9, a can kuwa Bulus bai yanka kaso ba. Ya ce kowa ya bayar yadda ya ƙudura a zuciyarsa, ba da ɓacin rai ko tilas ba, gwargwadon abin da yake da shi. Wannan ma'auni yakan fi ɗaya bisa goma nauyi ga mai wadata, ya kuma sauke wa matalauci kayan da ba zai iya ɗauka ba. Wanda ya bar iyalinsa da yunwa don ya burge a wurin baiko, ya karanta 1 Timoti 5:8.

Abin da ba shi da gindin zama ko kaɗan shi ne sayar da albarka. Saminu mai sihiri ya miƙa wa manzanni kuɗi don ya sami baiwar Allah, Bitrus ya ce kuɗinsa su hallaka tare da shi. Cinikin takardun yafe horon zunubi ne ya sa Martin Luta ya rubuta batutuwansa 95 a Witenbag a shekara ta 1517. Ku lura kuma da yadda Bulus ya riƙe gudunmawar da aka tara wa matalautan Urushalima: bai ɗauke ta shi kaɗai ba, ya sa wakilan da ikkilisiyoyi suka zaɓa su raka ta, domin ya ce yana so ya yi abin da ke daidai a gaban Ubangiji da kuma a gaban mutane. Mai bayarwa yana da hakkin ya ji rahoton inda kuɗin ya tafi, neman rahoton kuwa ba rashin ladabi ba ne.

Ina jin ban cancanci cin Jibin Ubangiji ba, shi ya sa nakan bari ya wuce ni.

Gargaɗin 1 Korantiyawa sura 11 yana magana ne kan yadda ake ci. A Koranti masu hali suna riga cin nasu har wasu su bugu, matalauta kuma su tashi da yunwa da kunya, wannan raini ga jikin Almasihu shi ne Bulus ya tsauta a kai. Ya ce mutum ya gwada kansa sannan ya ci, wato gwajin hanya ce zuwa teburin. A daren da aka fara cin Jibin, waɗanda suka karɓa daga hannun Yesu duk sun watse sun bar shi kafin gari ya waye. In akwai zunubin da kake riƙe da shi da gangan, ko ɗan'uwan da ka ƙi shiryawa da shi, je ka gyara. In kuwa nauyin rashin cancanta ne kawai kake ji, domin irinka aka shirya teburin.

Yaushe ya dace mutum ya bar ikkilisiyarsa ya koma wata?

Idan an bar ainihin bangaskiya, wato abin da Kiristoci suka furta tare tun taron Nikiya na shekara ta 325 game da Allah da Almasihu, ko ana zaluntar mutane shugabanni kuma sun ƙi gyara bayan an bi hanya, to tafiya ta halatta, wani lokaci ma ta wajaba. Idan kuwa dalilin salon waƙa ne, ko an hana ka wani muƙami, ko an yi maka horo kana gudunsa, ka sani abin da ka gudu da shi a zuciya zai riga ka isa sabon wurin. Mai tafiya ya yi sallama da dattawa, ya faɗi dalilinsa, kada ya ja wasu a ɓoye.

Zan je gai da wanda aka yi wa rasuwa, amma ban san abin da zan ce ba.

Mutane da yawa sukan ƙi zuwa saboda wannan tsoro, mai makoki kuwa yakan tuna wanda ya zo fiye da abin da ya faɗa. Abu mafi kyau da abokan Ayuba suka yi shi ne zaman da suka yi da shi a ƙasa kwana bakwai ba wanda ya ce uffan. Ɓarnar ta fara ne da suka buɗe baki suna bayani. A Betanya, Yesu ya san zai ta da Li'azaru cikin ɗan lokaci, duk da haka ya yi kuka tare da Maryamu 'yar'uwar mamacin. Bulus bai hana Tasalonikawa baƙin ciki ba, ya ce dai kada su yi shi kamar marasa bege.

Saboda haka kada ka yi ƙoƙarin fassara dalilin mutuwar, kada kuma ka ce wa uwar da ta rasa ɗa ai tana da wasu. Ka ambaci sunan mamacin, ka faɗi wani alherinsa da ka sani, in an nemi addu'a ka yi ta a taƙaice. Maimakon ka ce a neme ka in ana bukatar wani abu, duba da idonka abin da ke bukatar yi, ko kai yara makaranta ko raka gwauruwa wurin cike takardu, ka yi shi. Ka rubuta ranar rasuwar a wani wuri, ka koma bayan wata biyu ko uku, lokacin da masu gaisuwa sun ɗauke ƙafa gida ya yi tsit, ka kuma sake komawa ranar da shekara ta zagayo.